Then Play On na Fleetwood Mac: wane bugu ya kamata ka saya?

Suna ɗaya ne, zanen bangon ma kusan ɗaya ne, amma abin da ke ciki ya sha bamban. Kundin Then Play On da ƙungiyar Fleetwood Mac ta Ingila ta fitar a watan Satumba na 1969 yana yawo a kasuwa da jerin waƙoƙi har kala biyar. Mutum biyu za su iya zama su yi ta gardama a kan kundin, ashe kowa da abin da ya saurara. Kafin ka biya kuɗi, sawa'un faifan garmaho kake nema ko CD, ƙirga waƙoƙin tukuna. Idan 14 ne, jerin Ingila na asali ke nan. Idan 12 ne, bugun Amurka na farko. Idan 11 ne, bugun Amurka da aka yi wa kwaskwarima. Idan 13 ne, tsohon CD na 1990. Idan 18 ne, gyararren bugu ne na 2013 ko na 2020. Wannan ƙirgar kaɗai ta raba rabin gardamar.

Me ya sa bambancin yake da muhimmanci

Wanda ya san Fleetwood Mac ta hanyar kundin Rumours na 1977 ya sani cewa wata ƙungiya ce daban ake magana a nan. Babu Stevie Nicks, babu Lindsey Buckingham; sai bayan shekara biyar suka shigo. A 1969 jagoran ƙungiyar Peter Green ne, makaɗin jitar da ya gaji Eric Clapton a ƙungiyar John Mayall kafin ya kafa tasa a 1967. Mick Fleetwood ne a kan ganguna, John McVie a kan jitar bes, sai Jeremy Spencer da Danny Kirwan, su ma makaɗa jita.

Kundi biyu na farko, wanda ke ɗauke da sunan ƙungiyar da kuma Mr. Wonderful, duk a 1968 suka fito a kamfanin Blue Horizon ƙarƙashin kulawar Mike Vernon, kuma kiɗan bulus ne zalla irin na baƙaƙen fatar Chicago. Spencer ya ƙware wajen kwaikwayon Elmore James, wani makaɗin bulus na Amurka, har ta kai waƙoƙi huɗu a Mr. Wonderful da sara iri ɗaya suke farawa. Green ya fara gajiya da wannan. A watan Agusta na 1968 ya jawo Kirwan, yaro ɗan shekara 18, kuma da shi aka yi "Albatross", kiɗa mai sanyi marar waƙa da ya hau lamba ɗaya a Ingila a farkon 1969. Daga nan ƙungiyar ta bar Blue Horizon, ta ɗan raɓi kamfanin Immediate inda ta fitar da "Man of the World", sannan ta sauka a Reprise.

Then Play On shi ne kundinsu na farko a Reprise, shi ne kuma na ƙarshe da Green, wanda ya bar ƙungiyar a watan Mayu na 1970. Spencer kusan bai sa hannu a ciki ba. Gurbin da ya bari Kirwan ne ya cike shi, kuma a nan ne lissafin yake: a bugun Ingila, bakwai daga cikin waƙoƙi 14 na Kirwan ne, biyar na Green, sauran biyun kuwa guntaye ne da aka yanko daga dogon kiɗan da suka saki jiki suka yi a situdiyo, ɗaya aka rubuta sunan Fleetwood, ɗaya na McVie. Sauyin da ake yaba wa kundin a kansa, wato fita daga bulus zalla zuwa waƙoƙi masu taushi da jita biyu suna amsa wa juna, rabinsa aikin Kirwan ne. Duk kuma yankan da aka yi wa kundin a Amurka, a kan waƙoƙin Kirwan wuƙar ta faɗa. Saboda haka bugun da ka saya shi zai yanke maka ko kundin mutum biyu za ka ji ko na mutum ɗaya da ɗan rakiya.

Faifan Ingila na 1969

Lambarsa RSLP 9000. Fuskar farko ta fara da "Coming Your Way" ta ƙare da "One Sunny Day". Ta biyu ta fara da "Although the Sun Is Shining" ta ƙare da "Before the Beginning". Wannan shi ne jerin da ƙungiyar ta tsara, kuma ana jin haka: mai zafi na bin mai sanyi, na Green na bin na Kirwan, "Fighting for Madge" na fuskar farko, ɗan'uwansa "Searching for Madge" na ta biyu (su ne guntaye biyun nan da aka yanko daga dogon kiɗa). Kundin ya kai lamba 6 a jadawalin Ingila. Bangonsa zane ne na Maxwell Armfield, mutum a kan farin doki.

Abu biyu ne ya kamata mai saye ya sani. Na farko, babu "Oh Well" a ciki, wato waƙar da ƙungiyar ta fitar daban a ƙaramin faifai. A Ingila ta wancan lokacin al'ada ce a ware waƙar da aka fitar a ƙaramin faifai, kada a maimaita ta a kundi, don kada mutum ya sayi abu ɗaya sau biyu. Wanda ya kashe kuɗi mai yawa ya sayi bugun asali don ya ji "Oh Well" zai yi cizon yatsa.

Na biyu, tsawo. Kundin ya haura minti 53, wato kowace fuska tana ɗauke da minti 26 zuwa 27. Faifai mai inci 12 ya fi sakewa idan fuska ba ta wuce minti 20 zuwa 22 ba. Don a cusa abin da ya fi haka, dole mai yankan faifan ya matse layukan, ya rage ƙarfin sauti, ya kuma ɗan rage nauyin bes. Sakamakon shi ne sai ka ƙara murya a na'urarka, kuma da ka ƙara, duk wata ƙura da karce sai su taso tare da kiɗan. A kundin da hayaniya ta cika ba za ka damu ba. Amma nan akwai "Closing My Eyes", "When You Say" da "Although the Sun Is Shining", inda murya ce da jita a hankali, shiru ya fi sauti yawa. Faifan da ya sha hannu ba ya ɓuya a irin waɗannan wurare.

Shi ya sa darajar da mai sayarwa ya ba faifan take da nauyi a nan fiye da yadda aka saba. A kasuwannin intanet irin su Discogs da eBay ana amfani da haruffa: NM na nufin kusan sabo, VG+ na nufin an yi amfani da shi amma da kulawa, VG kuwa na nufin za ka ji ƙarar karce. Ga kundin roka mai ƙarfi VG na iya wucewa. Ga wannan, kada ka sauka ƙasa da VG+. Ka kuma tambayi mai sayarwa ko kunna faifan ya yi ya saurara, ko da ido kawai ya duba, domin lalacewar da tsohuwar allura mai nauyi take yi wa layi ba ta cika fitowa a ido ba. Idan zai yarda, ya turo maka sautin waƙar ƙarshe ta kowace fuska. Can kusa da tsakiya ne layin yake tafiya a hankali a ƙarƙashin allura, can ne kuma murya take fara karcewa idan faifan ya gaji.

Akwai bugun Ingila na shekarun 1970 mai lamba K 44103. Yawanci ya fi na farkon araha, kuma ga wanda saurare ya kawo shi, ba tara kayan tarihi ba, babu abin kunya a cikinsa. Duk da haka ƙirga waƙoƙin.

Faifan Amurka: lamba ɗaya, kaya biyu

Nan ne aka fi yin kuskure, domin bugu biyun duk lambarsu RS 6368.

Na farkon yana da waƙoƙi 12. An cire "One Sunny Day" da "Without You" saboda sun riga sun fito a Amurka a cikin English Rose, wani kundin haɗe-haɗe da kamfanin Epic ya fitar watanni kafin nan. Dalilin yana da ma'ana, kuma abin da ya rage bai yi nisa da tsarin Ingila ba. Har ma yana da wata riba: da aka rage kusan minti takwas, layukan sun sami wurin sakewa. Idan faifan garmaho na wancan zamanin kake so kuma na Ingila ya fi ƙarfin aljihunka, wannan ne na biyu a layi. Sai dai bai daɗe a kasuwa ba, don haka ba shi da yawa.

Abin da ya kore shi "Oh Well" ce. Waƙar ta kai lamba 2 a Ingila, gidajen rediyon Amurka suka fara sa ta, sai Reprise ta janye kundin ta sake shi da waƙar a ciki. Don a sama mata wurin kusan minti tara, aka fitar da "When You Say" da "My Dream", aka kuma sake jera sauran, har guntayen "Madge" biyu suka koma kusa da juna. Yanzu waƙoƙin Kirwan sun koma uku daga bakwai. Wannan bugu mai waƙoƙi 11 shi ne Amurkawa suka sani shekara da shekaru, shi ya fi yawa a gwanjo, shi ya fi araha. Yana da daɗin ji, ba a musu, kuma ya fi kowane bugu ƙarfi da zafi. Amma kundin Peter Green ne, ba kundin da ƙungiyar ta miƙa wa kamfani ba.

Akwai kuma wani aibi a cikin "Oh Well" ɗin kanta a wannan bugu. Waƙar kashi biyu ce: na farko gajere mai zafi, minti biyu da 'yan kai, na biyu kuwa dogon kiɗa marar waƙa da jitar Sifaniya, sarewa da fiyanon Spencer. A ƙaramin faifan, fuskar farko ta ɗauki kashi na ɗaya da kusan minti guda na farkon kashi na biyu, sannan sautin ya dushe. Idan ka juya, kashi na biyu ya faro daga tushe. Da aka zo sa ta a kundi, sai aka manna fuskokin biyu yadda suke. Saboda haka kusan minti ɗaya na kiɗan yana zuwa sau biyu a jere. Wanda bai sani ba zai ɗauka da gangan aka yi.

Da yake lambar ɗaya ce, kada ka dogara da kwalin. A gwanjo faifai kan shiga kwalin da ba nasa ba. Nemi hoton takardar da ke manne a tsakiyar faifan, fuska biyun, ka karanta sunayen da kanka. Ka ga "Oh Well" a ƙarshen fuskar farko, to mai 11 ne.

CD na 1990

Waƙoƙi 13. An ɗauki tsarin Amurka na biyu, aka mayar da "My Dream" da "When You Say" a wuraren da ba nasu ba, aka bar "One Sunny Day" da "Without You" a waje, aka kuma bar maimaicin da ke cikin "Oh Well". Sautin ya dushe, ga shuu ɗin tef a ƙarƙashin waƙoƙi masu sanyi. Fiye da shekara ashirin shi kaɗai ne CD ɗin da ake samu, shi ya sa ya cika kasuwa. Ko an yi maka rangwame, wuce shi. Alamarsa a bayan kwali: "Oh Well" ce waƙa ta shida.

Bugun Rhino na 2013

Ga mafi yawan masu saye, nan maganar ta tsaya. A watan Agusta na 2013 kamfanin Rhino ya fitar da CD ɗin da aka sake tace sautinsa, ya mayar da waƙoƙi 14 na Ingila a jerinsu na asali, sannan ya ƙara huɗu a ƙarshe: "Oh Well" kashi na ɗaya da na biyu, kowanne daban kamar yadda suke a ƙaramin faifai, sai "The Green Manalishi (With the Two Prong Crown)" da "World in Harmony". Waɗannan biyun na ƙarshe su ne fuska biyu na ƙaramin faifan da ya fito a watan Mayu na 1970, daidai lokacin da Green yake tattara nasa ya nasa. Ta farkon ta kai lamba 10 a Ingila, kuma nauyinta ya sa 'yan ƙungiyar Judas Priest suka sake yin ta daga baya. Ta biyun kiɗa ne da Green da Kirwan suka haɗa hannu suka tsara.

Ƙarin waƙoƙin na ƙarshe ne, ba a cusa su a tsakiya ba, don haka idan "Before the Beginning" ta ƙare kana iya tsayar da na'ura, ka ji kundin yadda aka yi shi. Sautin ya fi na 1990 tsabta nesa ba kusa ba. Gangunan Fleetwood a farkon "Coming Your Way" sun fito fili, kuma a "Like Crying" kana iya raba jita biyun da kunne. Shuu ɗin tef bai ɓace gaba ɗaya ba, kuma gara haka. Idan aka matsa wajen goge shi, da shi da ƙarshen sautin jita ake gogewa.

A manhajojin saurare irin su Spotify da Apple Music ma ƙirgar tana aiki. Nemi mai 18. Yana da kyau ka saurare shi a can sau biyu ko uku kafin ka sayi komai, musamman idan bulus zalla kake tsammani, domin ba shi za ka tarar ba.

Bugun 2020 da akwatuna

Peter Green ya rasu ranar 25 ga Yuli, 2020. A watan Satumba na shekarar kamfanin BMG ya fitar da bugun da ya kira Celebration Edition, waƙoƙi 18 ɗin nan dai, a CD mai ɗan littafi da kuma faifan garmaho guda biyu. Ga mai garmaho, wannan ya magance matsalar tsawo: kimanin minti 70 a fuska huɗu, kowace fuska ba ta kai minti 20 ba a matsakaici. An kuma yanka uwar faifan da rabin gudu, dabarar da ke ba allurar yanka lokaci ta bi siraran sautuka da kyau. Farashin da za ka biya, ban da kuɗi, shi ne tashi sau uku kana juya faifai, da kuma rasa rabon fuska biyu da ƙungiyar ta tsara. Idan ka riga ka mallaki CD na 2013, babu sabuwar waƙa a nan da za ta sa ka sake saye.

Akwatuna biyu na Rhino sun cancanci a duba. Na 2013 mai suna 1969 to 1972 faifan garmaho ne guda huɗu, Then Play On a jerin Ingila, Kiln House, Future Games da Bare Trees, da ƙaramin faifan "Oh Well" a gefe. A zahiri wannan akwatin tarihin Kirwan ne a ƙungiyar, tunda a 1972 aka sallame shi. Na 2020 mai suna 1969–1974 CD takwas ne, kundi bakwai har zuwa Heroes Are Hard to Find da wasan kai tsaye na watan Disamba na 1974. Idan aka raba kuɗin bisa yawan faifai, sau da yawa ya fi sayen ɗai-ɗai sauƙi. Amma wanda Green kaɗai ya kawo shi, faifai ɗaya ne nasa a cikin takwas.

Abin da babu a kowane bugu

Babu "Albatross", babu "Man of the World", babu "Black Magic Woman". Kamfanoni daban ne suka fitar da su. Ana samun su tare a Greatest Hits na kamfanin CBS na 1971, ko a The Best of Peter Green's Fleetwood Mac na 2002. A kula: akwai wani Greatest Hits na 1988, wanda babu ko waƙa ɗaya ta zamanin Green a cikinsa. Haka nan kundi biyu ne ke ɗauke da sunan Fleetwood Mac kawai, na 1968 da na 1975. Dubi shekara kafin ka danna saye.

Wanda guntayen "Madge" da "Underway" suka fi burge shi zai so ya ji dogayen kiɗan da aka yanko su daga ciki; suna cikin The Vaudeville Years na 1998, tare da waƙoƙin kwaikwayo na Spencer da aka so a fitar a ƙaramin faifai tare da kundin amma ba a yi ba. Wasan da suka yi a Boston a watan Fabrairu na 1970 kuma ya nuna inda "Rattlesnake Shake" take zuwa a kan dandamali: minti uku da rabi na kundi ya zama fiye da ashirin. Ita wannan waƙar baitinta da ɗan batsa a lulluɓe, ga mai kunna kiɗa a gaban yara masu jin Turanci.

Idan daga waje za a aiko maka

Kuɗin aike na faifan garmaho daga Turai ko Amurka kan kusan kamo kuɗin faifan, wani lokaci ya wuce, kuma bugu mai faifai biyu ya fi nauyi. CD kuwa ana iya cire shi daga robarsa a aiko da shi da takardunsa a ambulan mai kauri. Idan ka dage sai garmaho, ka ce wa mai sayarwa ya fitar da faifan daga cikin kwalinsa ya ajiye shi a gefe cikin rigar takarda, tsakanin kwali biyu masu tauri. Idan aka bar shi a ciki, girgizar hanya tana sa gefensa ya tsaga bakin kwalin. Zafi ne babban abokin gaba. Ƙunshin da ya kwana biyu a bayan mota cikin ranar Afrilu a Kano ko Yamai zai iya isowa a lanƙwashe, kuma faifan da layukansa suke a matse irin na 1969 ba ya jure lanƙwasa, allura za ta riƙa tsalle. Ka karɓe shi da wuri, ka ajiye shi a tsaye, ba a kwance ba, nesa da taga, cikin leda saboda ƙurar hunturu.

Dubi na'urarka ma. Ƙananan garmahon nan masu kama da akwati suna danna allura da nauyin da ya kai giram biyar, alhali na'ura mai kyau giram ɗaya da rabi zuwa biyu take buƙata. Idan irin ta akwatin ce gare ka, kada ka ɗora mata RSLP 9000. Sayi CD na 2013, ka tara kuɗin faifan zuwa ranar da ka canza na'ura.